Darbejiya Mai Lamba Ashirin da Uku

Tun da na dawo daga Marwa ban samu sakat ba. A majalisarmu ta bakin tasha a Rogo, a ofis a Karaye, har a wajen ɗaurin aure, tambayar ɗaya ce: "Sarkin Daji, wai me ka je yi Kamaru?" Wasu sun ce mata na je nema, wasu sun ce fataucin atamfa na fara. Na gaji da ba da labarin guntu-guntu, kowa ya ɗauki guntun da ya yi masa daɗi ya ƙara masa gishiri. Don haka ga shi a rubuce tun daga farko, har da wuraren da ban yi abin kirki ba.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Idrisu, mutumin Rogo, ma'aikacin gandun daji a Karaye. Sarkin Daji tsokanar abokai ce kawai. Hutun karatu na shekara huɗu aka ba ni na tafi jami'a, aka kuma gaya mini tun farko cewa huɗun ce, ba ƙari. Na zaɓi fannin itatuwan cikin gari: wane itace ya dace da bakin titi, wane ne saiwarsa ke fasa katanga, yadda ake samar wa kasuwa da tasha da makaranta inuwa. A shekarar ƙarshe kowane ɗalibi sai ya yi aikin kansa ya rubuta, a kansa ake yanke masa hukunci. Ni na ce garinmu zan yi wa.

Da damina ta kankama na ɗauko dashen darbejiya sittin daga Karaye, na jera su daga tashar Rogo zuwa kasuwa. Na ja igiya, na auna da tef, mita goma tsakanin rami da rami, ko taƙi ban yarda ya ƙaru ba. Kowace na kewaye ta da ƙaya, na rataya mata lamba da na yanka daga gwangwanin madara. Ranar da muka gama na tsaya a bakin tasha na kashe ido ɗaya na dubi layin, ya miƙe sambal. Na ji daɗin kaina ƙwarai a ranar.

Gidanmu a kan hanyar yake, rami na ashirin da uku ya faɗo daidai ƙofarmu, kamar taku biyar daga dakali. Washegari da safe na fito na tarar da ramin wayam. Mahaifina, wanda kowa ke kira Malam, ya tono dashen da hauyarsa ya mayar da shi gefen dakali, inda yake ajiye butarsa. Ni ne ɗan farinsa, shi kuma mutumin da ne. Bai taɓa kiran sunana ba, "ɗan nan" yake cewa, bai kuma taɓa tambayata abin da nake karantawa ba. Na san alkunya ce, amma a raina na daɗe ina zargin raina karatun ya yi. Sai na buɗe baki a gaban maƙwabta na ce, "Baba, wannan fa aikin jami'a ne, ba dashen gida ba. Kun ɓata mini layi." Ya saɓa hauyarsa ya tafi gona. Ni kuma na buɗe littafin aikina na soke lamba ashirin da uku, na rubuta a gefe: an ɓata.

Da bazara na zo hutu na bi layin. Awaki sun ci rabonsu, an kwashe ƙayar an hura wuta, sauran sun bushe a tsaye. Na tsinto lambobi hamsin da tara na zuba a jaka. Ta gefen dakalin tana nan kore shar, ta kai mini ƙugu. Na gan ta, ba zan ce ban gan ta ba, amma ba ta cikin littafina, ganinta ma haushi ya ƙara mini. Na je Karaye na samu Helma Mati, shugaban leburorinmu, na ce ranar Litinin, nan da kwana goma sha biyu, su zo su sake haƙa ramuka sittin a kan igiya kafin ruwan fari. Na ƙara da cewa, "Waccan ta ƙofar gidanmu ku tumɓuke ta, tana ɓata layi."

Daga nan na kai wa Dokta Haladu rahoto, malamin da ke duba aikina. Ya karanta ya cire tabarau.

"Ko ɗaya ba ta rayu ba?"

"Ko ɗaya, ranka ya daɗe." A tunanina gaskiya na faɗa.

"To ka rubuto mini jana'iza, Idrisu. Ba ka da rayayya ko ɗaya da za ka gwada da matattun, ta ina za ka san abin da ya kashe su? A haka sai dai ka maimaita shekara."

Na ce ba ni da shekarar maimaitawa. In ban fita bana ba, haka zan koma Karaye hannu rabbana, ba digiri. Sai ya ce akwai wani gari a arewacin Kamaru, Marwa, zafinsa ya kai namu ko ya fi, amma titunansa inuwa ce daga farko har ƙarshe. "Je ka duba. In ka dawo da amsa kafin damina, zan saurare ka." Ya rubuta mini takarda ya buga hatimi. Abin da ya kai ni ke nan.

Daga Rogo na bi ta Karaye da Gwarzo na kwana a Kano, da asuba na shiga fijo mai zuwa Maiduguri. Mu tara ne ban da direba. A damana akwai Alhaji Ɗanlami, mai sarin takalman fata, wanda hanyar Marwa ta zame masa kamar hanyar gona. A gabanmu kuma wata dattijuwa mai sayar da turaren wuta, kowa Hajiya yake ce mata. Ba mu wuce Wudil ba ta juyo.

"Samari, ɗan makaranta ne kai? Me kake karantawa?"

"Itatuwa, Hajiya. Na cikin gari."

"Shekara nawa ke nan?"

"Huɗu."

"Ikon Allah. To nawa ka dasa?"

"Sittin."

"Nawa suka yi?"

Na juya kai wajen taga. Alhaji Ɗanlami ya dubi fuskata ya ce, "Hajiya, a bar maganar nan." Aka bar ta, amma duk motar ta ji.

Mun ci shinkafa da wake a Azare, muka yi sallah a Fataskum. Gaba da Damaturu kaɗan tayar baya ta fashe, rana tana tsakar ka, ko'ina fili ne fetal. Tayar ajiyar ma ba iska, direba ya tari wata mota ya koma faci. Mu tara muka tsugunna a jikin fijo muna rabon 'yar inuwarta, muna matsawa tana matsawa. Hajiya ta yi fifita da gefen mayafinta ta ce, "Samari, da a nan ka dasa ɗaya ai da yau mun sa maka albarka." Har Alhajin da ya kare ni ɗazu sai da ya dara.

Mun shiga Maiduguri gab da magariba. Su ma suna da darbejiyarsu a tituna, Alhaji ya ce in tsaya nan in huta da wahala, na ce Marwa aka ce mini. Ya kai ni gidan wani abokin cinikinsa, aka ba mu biski da miyar busasshen kifi. Gaisuwar mutanen nan ta fi tamu tsawo, mu da ake cewa muna da dogon gaisuwa. Sai ka ɗauka an gama, ka kai hannu akushi, maigida ya sake ɗauko ta daga farko. Bayan abinci aka zagayo da kasko aka turara mu, rigata ta yi kwana uku tana ƙamshi.

Da safe muka bi ta Bama zuwa Banki. Iyakar ba ta kai yadda na zata ba. Gari ɗaya ne aka raba da sandan ƙarfe, awaki suna wucewa ta ƙarƙashinsa ba mai tambayarsu takarda. A ɓangarenmu aka duba takardar Dokta aka buga mini hatimi. A ɗaya ɓangaren wani jandarma, wato ɗan sandan Kamaru, ya juya ta gaba da baya, shi Faransanci yake karantawa, ita kuma da Turancin Ingilishi take. Ya ce in buɗe jaka. Ya ciro tef, ya ciro littafi, sannan ya zazzage ƙullin lambobina a kan tebur, suka watse suna ƙara. Ya ɗauki ɗaya ya duba, ya yi tambaya da Fulatanci. Alhaji Ɗanlami ya yi masa bayani mai tsawo, ina jin sunana a ciki. Sai jandarman ya miƙe, ya cire hularsa ya riƙe a ƙirji, ya faɗi wata magana a hankali. Abokan aikinsa suka kwashe da dariya.

"Me ya ce, Alhaji?"

"Ta'aziyya yake maka. Ya ce Allah ya ba ka haƙuri, hamsin da tara a shekara ɗaya ba ƙaramin rashi ba ne."

Ya taya ni tattara su da kansa, ya ba ni hannu, muka wuce. Har yau ban san abin da ya sa na ɗauko lambobin nan ba.

Daga Mora, garin da ke gaba da iyakar, zuwa Marwa duwatsu ne da gonakin dawa da aka girbe. Muna shiga gari sai na ji kamar an ɗauke mini kaya daga ka. Dokta bai yi ƙari ba. Kowane titi darbejiya ce dama da hagu, rassan sun haɗe a sama, masu babur da masu keke suna tafiya a cikin inuwa. Na ji sha'awa, na kuma ji kishi, domin itacen nan dai shi ne na garinmu, ba wani baƙo ba.

Mun sauka a gidan Alhaji Bakari, mai masaukin fatake, aka ba ni tabarma a ɗaki ɗaya da wasu masu sarin albasa. Da safe aka kawo burodi dogo kamar sandan makiyayi, da ruwan madara a kwano. Na gatsa ya kusa tsaga mini dasashi. Na raɗa wa Alhaji Ɗanlami cewa an ba mu kwanannen burodi, ya ce yanzu aka ciro shi daga wuta, haka suke son abinsu, a tsoma ake yi. A titi ma haka za ka ga mutum da babbar riga ya maƙale shi a hammata ba ko takarda. Da rana tuwon dawa ne da miyar yakuwa mai tsami, wadda na ƙi a ranar farko, na nemi ƙari a ta uku. Suna da kogi a tsakiyar gari, amma a bazara yashi ne zalla, masu wanki suna haƙa rami a cikinsa su ɗebi ruwa, su shanya kaya a kan yashin. Ofisoshi kuwa da rana ta take ake rufewa kowa ya tafi gida ya kwanta. Sau biyu ina zuwa ofishin masu kula da gari ina tarar da kwaɗo a ƙofa, domin ni da lokacinmu nake zuwa.

Kwana biyu na yi ina aiki yadda aka koya mini. Na auna kaurin itace, na tona ƙasa na murza, na ga ba ta fi ta Rogo ba. Na auna tazara: nan mita bakwai, can goma sha uku, gaba huɗu, gaba kuma kusan ashirin. Na tara su duka na raba, lissafi ya ba ni mita goma da 'yan kai. Na rubuta cewa tazararsu daidai take da tawa. Ƙasa ɗaya, itace ɗaya, tazara ɗaya, nasu a raye nawa a jaka. Ranar Juma'a da yamma na zauna a bakin titi raina a jagule, ina tunanin yadda zan shiga ofishinmu na Karaye in ce shekara huɗun ta tashi a banza.

Asabar da hantsi ina zagaya tef a jikin wata babbar darbejiya, sai wani tela ya fito daga shago da almakashi a hannu. Yana jin Hausa sosai.

"Malam, lafiya? Wa ya aiko ka ka auna mini itace?"

Na ce ai na ɗauka na hukuma ne. Ya ce hukuma ba ta taɓa zuba masa ko moɗa ɗaya ba, mahaifinsa ne ya rene shi. Da na yi masa bayani ya sauko, ya ce, "In labarin itatuwan nan kake so, ba ofis za ka ba. Je bayan masallacin can ka ce Baba Hamajoda kake nema. Da hannunsa aka dasa rabin unguwar nan."

Na same shi a ƙofar gida, tsoho ne siriri, idonsa ɗaya ya yi yana. Tsohon leburan dashe ne, bai taɓa shiga aji ba. Muka gaisa, na ba shi goron da na saya a hanya, na faɗi abin da ke tafe da ni. Ya ɗauki sandarsa ya ce in biyo shi. Muna tafe yana dukan kowane itace da sandar.

"Wannan ta Garga mai shayi ce, ya rasu, ɗansa ke wurin yanzu. Wannan ta masallaci. Waɗannan biyun da suka matsu, wa da ƙane ne, kowa ya ce sai an dasa masa tasa. Nan da ka ga fili, ba kowa a lokacin, kango ne."

Sai na lura tazarar da na tara na raba jiya, kowace da dalilinta. Na tambaye shi yadda suka fara.

"Da igiya muka fara, ɗana, kamar kai. Baturen da ke kanmu mutum ne mai son layi. Shekara biyu muna dasawa rani yana cinyewa. A ta uku na lura duk wadda ta tsira akwai mutum a kusa da ita. Sai muka naɗe igiyar. Mu ɗora dashe a amalanke, mu tsaya a ƙofar gida mu yi sallama. In maigida ya fito tambaya biyu ce: ina kake zama da rana, ina kake alwala? Inda ya nuna nan muke haƙawa. In ya ce ba ya so mu wuce, ba ma roƙo."

"To layin fa, Baba?"

"Ɗaga kanka."

Na ɗaga. Rassan sun haɗe sun tafi sambal har ƙarshen titi. Na sauke ido na dubi gindinsu, wannan ta shiga, waccan ta fita, ba guda uku da ke kan igiya ɗaya.

Muka dawo ƙofar gidansa an fara kiran azahar. Akwai wani ɗan dashe a gefen ƙofar, bai fi kamu biyu ba. Ya jawo butarsa ya tsugunna a gindinsa ya fara alwala, ruwan yana gangarawa cikin ramin. Da ya gama wanke ƙafa ya ce, "A sittin ɗin nan naka, wa ka tambaya?"

"Ba kowa."

"Kuma duk garin ba wanda ya ce ka matso masa da ita?"

Dakalin gidanmu na gani a raina, da butar Malam, da ƙasar wurin da kullum take a jiƙe. Na gaya masa komai, har maganar da na faɗa a gaban maƙwabta. Ya dube ni da idonsa mai gani.

"Ashe mutum ɗaya ne ya karɓi dashenka a garin, shi ne kuma ka yi wa faɗa. Tana nan?"

"Na ce a tumɓuke ta ranar Litinin."

"Yau Asabar. To me kake yi a nan?"

Sallah kawai na tsaya na yi. Na koma masauki na ɗauki jakata, na yi sallama da Alhaji Bakari, na bar wa Alhaji Ɗanlami saƙon godiya don yana kasuwa. Motar Mora ba ta cika da wuri ba, muka isa Banki an riga an sauke sandan ƙarfe, sai gobe. Lahadi da safe jandarman nan ya gane ni, ya tambaya da hannu ko an ƙara yin wani rashin, ban samu bakin dariya ba. Na isa Maiduguri da la'asar, motocin Kano duk sun tashi. Ba wayar da zan buga, ba wanda zan aika ya riga ni.

Ranar Litinin a cikin mota na yi ta. Ban taɓa jin tsawon hanya irin na ranar ba. Na san aikin Helma Mati, ba ya makara, ba ya tsallake umarni. Muna Damaturu na ce yanzu sun ja igiya. Muna Fataskum na ce sun kai rami na goma. Kafin Azare na daina lissafi, domin na san sun wuce ƙofar gidanmu. Abu biyu ke cina, digirin da na sa a tumɓuke da bakina, da kuma Malam yana zaune a dakali yana kallon leburorin da ɗansa ya turo. Na biyun ya fi ciwo. Na kwana a Kano, da sassafe na kama hanyar Gwarzo.

Na sauka a tashar Rogo da hantsi. Ga sababbin ramuka nan sun miƙe a kan igiya, jar ƙasa a gefen kowane. Na bi su ina ƙirgawa. Ashirin, ashirin da ɗaya, ashirin da biyu. Na ashirin da uku yana nan a kan layi, an haƙa shi da kyau. Na juya wajen dakali. Tana tsaye, ganyenta yana kaɗawa, gindinta a jiƙe. Na zauna a kan dakalin na daɗe ban tashi ba.

Malam ya tafi sharar gona. Na samu Helma Mati can wajen kasuwa suna kan rami na arba'in da wani abu. Yana ganina ya ajiye diga ya fara ba da haƙuri.

"Ranka ya daɗe, ba ƙin umarni na yi ba. Mun je mata jiya da hantsi. Malam yana zaune, na gaishe shi na ce ga abin da aka aiko mu. Bai ce a'a ba. Sai ya jawo buzunsa ya shimfiɗa a gindinta ya zauna, ya ce, 'Mai ita bai gama karatu ba tukuna. Ku bari ya gama, in ya so ya zo ya cire da hannunsa.' To wa zai sa diga kusa da ƙafar Malam?"

Na ce su dakata da haƙan haka nan, su naɗe igiyar. Ya dube ni kamar rana ta taɓa ni a hanya.

Da azahar Malam ya dawo. Na durƙusa na gaishe shi, ya ce, "An dawo lafiya?" Na ce lafiya lau. Na ce, "Baba, ku yafe mini maganar da na yi a nan wurin." Ya ce, "Allah ya yafe mana baki ɗaya," ya miƙa hannu ya ɗauki butarsa. Iyakar abin da aka ce ke nan. Na tsaya ina kallo ya yi alwala, da ya gama ya juye ragowar ruwan a gindinta. Sai a lokacin na lura lambar da na rataya tana nan, amma ba da wayar da na ɗaura ta da ita ba. Wayar ta fara cin jikin itacen, ya kwance ta ya sake ɗaurawa da zare sako-sako.

Sati biyu na yi ina bin gidajen da ke kan hanyar, ni da Helma Mati, muna sallama muna tambayar nan biyu. Wasu sun nuna mana wuri, wasu sun ce ba sa so, muka wuce. Mai shayin tasha biyu ya nema. Ramukan da suka samu mai su ba su kai arba'in ba, layin kuwa ya karkace ta ko'ina, 'yan majalisa suka ce Sarkin Daji ya je Kamaru ya manto awo.

Dokta Haladu ya zo da kansa kafin ruwan fari. Ya bi ramukan, ya karanta sunan da na rubuta a gaban kowace lamba, sannan muka tsaya a ƙofar gidanmu. Ya auna tsayinta, ya duba ganyen, ya ce in sake rubuta aikin a kan wannan guda ɗayar da hamsin da taran, zai karɓa a bana. Daga nan ya cire takalmi ya gaishe da Malam.

"Allah ya gafarta Malam, sau nawa kuke ba ta ruwa a rana?"

"Ni ba na ba ta ruwa. Alwala nake yi."

Dokta ya yi murmushi ya rubuta. Ya ce, "To a takarda sunan wa za a sa a gabanta, naku ko na Idrisu?"

Malam bai dube ni ba. Ya kai hannu ya gyara zaren lambar, ya ce, "Ta ɗan nan ce. Riƙo kawai nake yi masa."

Aka kira la'asar. Ya yi alwalarsa, ya rage ruwa a butar, ya turo mini ita da gefen ƙafa.